Fitila Ɗaya Ya Roƙa

Ɗan'auta ya faɗa tur'a ranar Talata bayan la'asar, a tsakiyar watan sanyi, lokacin da alkama ke fitar da kai tana neman ruwa. Tur'a ita ce babbar hanyar ruwan da ta taso daga wajen Makwar tana raba wa gonaki, kuma a gefen Hillat Ɗanjuma akwai ƙofar ƙarfe da ake ɗagawa ana saukewa gwargwadon rabon kowane ƙauye. Ciyawa ta cushe bakin ƙofar, ruwa ya yi ƙaranci a gonarsa, shi kuwa Ɗan'auta ba mutum ne mai jira a zo a yi masa ba. Ya ɗauki ƙugiya ya hau katakon da ke kan ƙofar, ƙafa ta zame. Mata biyu masu wanki sun ga faɗawarsa, ba su ga tasowarsa ba.

Kafin magariba samarin ƙauyen sun yi nutso har idanunsu suka yi ja, babu wanda ya taɓa ƙasa. Gindin ƙofar ya kai tsayin mutum uku, ga ƙaya da tsohuwar waya da ruwa ya tara shekara da shekaru. Kowa ya san a can gawar ta maƙale, tunda ba ta ɓulla ta ɗaya gefen ba. Sai idanu suka koma kan yayansa, Zaharaddini.

Shekara goma sha uku Zaharaddini ya yi a Bur Sudan yana aiki a jiragen da ke kai baƙi nutso a Bahar Maliya. A ƙauye ba su taɓa ɗaukar wannan sana'a ba. Gattas suke ce masa, wato mai nutso, amma in ya ba da baya sai su ce mai kai Turawa gaida kifi. Da yaƙi ya zo baƙi suka ɗauke ƙafa, ya dawo gida da jaka ɗaya da tukunyar iska biyu, irin waɗanda ake goyawa a baya a shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Ɗaya ta ƙare bara, wajen gyara wa wani attajiri injin ban ruwa a bakin kogi. Ɗayar na nan ƙarƙashin gado, kuma da ya jawo ta ya duba agogonta, allura ta tsaya ƙasa da rabi. Injin cika ta yana can bakin teku, tafiyar kwana da kwanaki. Ya lissafa a zuciyarsa: minti ashirin da biyar, in ya yi numfashi da hankali.

Alhasan mai gadin ƙofar ya zo da kansa, yana murza hula a hannu. Ya ce zai sauke ƙofar bayan isha'i, ruwa ya lafa, amma da asuba dole ya ɗaga ta, don ƙauyuka huɗu na ƙasa ranar rabonsu ce, alkamarsu ma ƙishi take ji. Ya kuma ce ba zai ɓoye masa ba, ƙofar ba ta rufuwa ruf. Wani kututture ya maƙale a gindinta tun damina, ya bar kafa kamar kamu ɗaya, ruwa na bi ta nan da ƙarfi. Abin da ya bi ta wannan kafa zai shiga dogon bututun da ke ƙarƙashin hanyar mota, daga can sai rassan tur'a da ba su ƙirguwa.

Zaharaddini ya shiga gida ya tarar da mahaifiyarsu, Inna Mero, zaune a bakin gado da farin ƙyalle a cinya. Likkafanin da ta saya wa kanta ne, shekara shida yana ƙasan akwati. Ba ta kuka. Ba ta kuma kira sunansa ba, don shi ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunan da bakinta ba.

"Kai," ta ce, tana kallon ƙyallen. "Kakanninmu sun baro kaburbura bisa hanya tun dag Sakkwato hal nan, amma kowane an yi mai wanka an ruhe shi. Ka kawo min yaron nan in gane shi. Shi ke nan abin da nika roƙo."

"In sha Allahu, Inna."

A tsakar gida Huda matar Ɗan'auta na zaune mata sun kewaye ta. Shekararsu biyu da aure. Ta ɗago ta dube shi.

Bayan sallar magariba ya tsaya a ƙofar masallaci ya roƙi maza su saurare shi. Abin da ya faɗa bai da tsawo, amma sau uku ya faɗe shi, sau biyu da Hausa, sau ɗaya da Larabci saboda samari. Igiya ɗaya za a ɗaura masa a ƙugu, abokinsa Falalu masunci zai riƙe ta a kan matakalar siminti. Jan igiya ba zai zama alama ba, don ruwan wurin fizgar ta yake yi ba fasawa. Fitilar hannunsa ce za ta yi magana. In ya samu gawar zai rungume ta da hannu biyu, ya juya fitilar sama ya zagaya ta sau uku, Falalu ya ga hasken a fuskar ruwa ya jawo su a hankali. Fitila ɗaya tak yake so a waje, ta ƙwai, a lulluɓe ta da jan ƙyalle a ajiye bayan Falalu, don ya san inda matakala take.

"Ban da wagga, kada kowa ya kunna komi," ya ce. "Ba tocila, ba hitilar waya, ba ta mota. In ruwa ya yi haske dag sama, Falalu ba shi ganin nawa dag ƙasa. In kuwa na hito, kada wanda ya haska min huska. Idon da ya daɗe cikin duhu, haske makanta shi shikai. Don Allah, don Annabi."

Mai gari, dattijo mai yawan ido da hawaye, ya gyara rawani. "Ya zol, bawan Allah, ƙaƙa haka? Ɗanmu na ruwa, kai ma kana ruwa, mu tsaya cikin duhu awa ɓarayi?"

"Haka nika so, Baba."

"To, tamam. Kai kas san aikinka."

Kowa ya ce tamam, wato ya yarda. Zaharaddini ya san tamam ɗin mutanensa, amma ba shi da wata dabara.

Ba a banza ya nace ba. Shi ma da haushi ya koyi abin. Daren farko da ya yi nutso a teku, yana sabon shiga, ya so ya tambayi ubangidansa wani abu, wani tsoho ɗan Sawakin mai suna Ohaj, sai ya ɗaga fitila ya dalle masa fuska. Tsohon ya bari sai da suka hau jirgi. Ya zaunar da shi a ɗakin inji cikin duhu har rabin sa'a, sannan ya kunna masa fitila a tsakiyar ido, ya jefo masa kofin shayi ya ce cafe. Kofin ya fashe a ƙasa. Ohaj ya ce a cikin ruwa wannan kofin hannun ɗan'uwanka ne. Tun daga ranar Zaharaddini ya san in za ka yi wa mutum magana a ruwa, hannunka kake haskawa ya ga alamar, in za ka dube shi ƙirjinsa kake haskawa. Ko kifin da ke barci a kogon dutse ba a tsaya masa da haske a ido. Shekara goma sha uku yana koya wa baƙi masu harsuna iri-iri wannan, suna ji. Bai taɓa tunanin wata rana zai koya wa 'yan garinsu ba.

Bayan isha'i Alhasan ya juya ƙarfen ƙofar tana kuka har ta sauka, ƙarar ruwan ta ragu. Mutanen Hillat Ɗanjuma sun fito kaf, maza a kan gadar ƙofar da gaɓa, mata can baya. Gaskiya ɗaya ce, sun cika alkawari. Babu haske ko ɗaya sai jar fitilar nan a bayan Falalu. Ana jin tari da tasbihi, ba a ganin fuskar kowa.

Falalu ya ɗaura masa igiyar ya ja ƙullin sau biyu. "Sau uku ko?"

"Sau uku. In ba ka gani ba, kada ka ja. In kaj ja ina cikin waya, ni ma can za ni zama."

"Idona na bisa ruwa, ya akhi. Allah shi hid da kai."

Ruwan watan sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Ya sa bututun numfashi a baki, ya gyara gilashin fuska, ya kunna fitilar da ke ɗaure a wuyan hannunsa na hagu, ya nutse. Ruwan tur'a ba na teku ba ne. Hasken bai wuce tsawon hannu ba, cikinsa sai ƙurar laka na yawo. Ya bi bangon siminti da tafin hannu har ƙasa, ruwa na tura shi wajen ƙofar, yana dogarewa da gwiwa. Ya waiga sama sau ɗaya. Baƙi ƙirin, sai ɗan ja-ja can gefe kamar garwashi a toka. Ransa ya ɗan kwanta.

Ya shiga laluben tarkacen da ke gindin ƙofar. Reshen ƙaya, buhun taki, matacciyar tunkiya da ta kumbura, waya. Ya duba agogo, allura na sauka. Ya matsa gaba, yana jin jan kafar nan a ƙafafunsa kamar ana jan zane. Minti goma sha biyu sun tafi kafin hannunsa ya faɗa kan wani abu mai santsi. Diddige ne. Ya haska ya ga tabon da lauje ya yi wa Ɗan'auta yana ɗan shekara tara, ranar da shi Zaharaddini ya goya shi har asibitin Makwar.

Numfashinsa ya so ya ƙwace. Ya tsaya ya ƙirga goma, don kuka a nan iska yake ci.

Rigar ce ta maƙale a waya, ta kafaɗa da ƙugu. Ya ciro wuƙa ya shiga yanka. Duk wannan aiki hasken na kan ƙirjin ƙanin nasa da hannuwansa, bai ɗaga shi zuwa fuska ba. Ba shawara ya yi ba, hannu ne ya saba. In ma ya yi tunani, cewa ya yi a waje zai gan shi, a tsakar gida, a gaban Inna. Waya ta ƙarshe ta saki, gawar ta taso ta jingina da shi, ba nauyi. Ya rungume ta ta baya, ya juya wuyan hannunsa sama.

A nan ya ga saman ruwan ya sake. Baƙin nan ya tafi. Duk sama ta zama fari-fari kamar kunu, haske na ta rawa a cikinta ta ko'ina, jar fitilar ta ɓace.

Abin da ya faru a waje, daga baya ya ji shi. Akwai wata al'ada a ƙauyukan nan da suke kira faza'a. In masifa ta faɗa wa ƙauye, gobara ko ɓatan yaro ko nutsewa, maƙwabta ba sa jira a kira su, kowa ya ɗauki abin da ke hannunsa ya rugo. Abin alfahari ne, kuma ya ceci rayuka ba kaɗan ba. Labarin Ɗan'auta ya kai ƙauyukan gabas bayan magariba, suka cika lori biyu da wata tsohuwar a-kori-kura suka taho. Ba su ji jawabin ƙofar masallaci ba. Suka iso suka tarar da gari guda tsaye a bakin ruwa cikin duhu, an ce mutum na ƙasa. Direban farko ko tambaya bai yi ba, ya juya hancin lori ya dallare tur'ar. Wani ya daka tsawa: "Haram alaikum! Mutum na ruwa kun bar shi cikin duhu?" Mai gari ya buɗe baki zai yi bayani, sai ya ji bayanin ya yi masa nauyi a gaban baƙi. Kunya ta kama 'yan gida. Wannan ya kunna waya, wancan ya kunna tocila, kafin ka ce kwabo babu hannun da ba haske. Falalu ya yi ta ihu a kashe, a kashe, muryarsa ta nutse cikin salati da ƙarar inji.

Mutanen kirki ne, Allah ya sani. Kirkin nasu ne irin wanda ba ya tsayawa ya tambayi mai bukata me yake bukata.

Zaharaddini ya zagaya fitila sau uku. Igiya ba ta motsa ba. Ya sake. Ya sake. Ya saki hannu ɗaya ya fizgi igiyar da ƙarfi, sai ma ta ƙara sakowa, don Falalu ya ɗauka ruwa ne, kuma an ce masa kada ya ja. Bai yi laifi ba. Yana durƙushe a matakala, ya kare ido da tafin hannu, yana neman ɗan haske guda a cikin ruwan da ya zama madubi. Allura ta shiga ja.

Saura hanya ɗaya. A bangon da ke jikin ƙofar akwai ƙarafan hawa da aka kafa tun gina ta, ya taɓa su wajen sauka. Matsalarsu suna daidai saman kafar nan, inda ruwa ya fi ja. Ya sauya riƙo, ya damƙe wuyan hannun Ɗan'auta da damansa, ya kama ƙarfen farko da hagu. Hawa da hannu ɗaya sai an saki an cafe. Ya haska ƙarfe na gaba ya gan shi, ya tura da ƙafa, ya saki, ya cafe. Gawar na biye da shi, ruwa na jan ƙafafunta ƙasa. Ƙarfe na uku. Na biyar. Yatsunsa sun mutu da sanyi, iskar bututu ta fara zuwa da ƙyar, kamar ana tsotsar rake da ya ƙare. Yana faɗa a zuciyarsa, saura kaɗan Auta, saura kaɗan, ga Inna can.

Ƙarfe na bakwai ya fid da kansa waje. Saura guda ɗaya, wanda ke sama da ruwa. In ya kama shi zai iya maƙala gwiwar hannu, ya tofar da bututu ya kira Falalu.

"Ga shi nan! Ya hito! Ya samo shi!"

Duk hasken da ke warwatse a kan tur'a ya taru wuri ɗaya. Fitilun lori biyu, da tocila, da wayoyi sun fi ɗari, daga gada, daga gaɓar hagu, daga ta dama, duk a kan gilashin fuskarsa da ke jiƙe. Minti ashirin da huɗu idonsa na buɗe cikin duhu. Bai ga mutane ba, bai ga bango ba, bai ga hannunsa ba, fari kawai, mai zafi har cikin kwanya. Ya riga ya tura da ƙafa, ya riga ya saki. Hannun hagu ya tafi inda yake zaton ƙarfen yake, ya damƙo iska. Ruwa ya juya shi, tukunyar bayansa ta ja shi, ƙeyarsa ta bugi gefen ƙofar.

Sai ya ji yana riƙe da ƙarfe gam. Da hannu biyu.

Ya daɗe bai gane ba, wataƙila numfashi ɗaya, wataƙila biyu. Da ya gane, ya saki ƙarfen ya juya kai ƙasa zai bi gawar da ta suɓuce masa. A lokacin ne Falalu ya gan shi ya ja, maza wajen ashirin suka faɗa kan igiyar suna taya shi, suna kabbara. Suka fizgo shi kamar guga. Yana harbi, yana kama ruwa, suna ja. Suka zube shi a kan matakala gwiwoyinsa na jini, har yanzu fitilu na kan fuskarsa, kowa na so ya ga ko yana da rai.

Ya tofar da bututun. "Ku kashe," ya ce. Murya ba ta fita ba. "Ku kashe!"

Wani daga cikin baƙin ya ce a matso da haske, mutumin bai cikin hayyacinsa.

Falalu ne ya tuɓe rigarsa ya rufe masa kai. A ƙarƙashin rigar Zaharaddini ya ji abokinsa na kuka yana rantsuwa, wallahi bai gani ba, wallahi ya duba, ya yi ihu ba a ji ba. Ya laluba ya kama hannunsa ya matse, don ya san gaskiya ne. Ya duba agogon iska da kore-koren da ke yawo a idonsa. Allura ta kwanta.

Mai gari ya durƙuso kusa da shi ya dafa kafaɗarsa. "Haƙuri, Gattas. Allah bai nuhwa ba. Amma wallahi jama'a sun yi ƙoƙari, ka ga har lori biyu. Ba a taɓa haska tur'ar ga haka ba."

Zaharaddini ya buɗe baki. Maganar na nan a harshensa, mai ɗaci, shiryayya. Sai ya ga hawayen tsohon na gaske ne, ya ga baƙin nan da suka baro abincin darensu suna tsaye cikin sanyi, wasu ba takalmi. Wa zai zaga? Ya rufe bakinsa. Garin neman gira an rasa ido, kuma babu wanda zai yarda shi ya tsone.

Da asuba Alhasan ya ɗaga ƙofar, don alkamar ƙauyuka huɗu ba ta san an yi rashi ba. Kwana uku ana bin rassan tur'a a ƙafa da kan jaki, ana leƙa kowane bututu, ana tambayar masu ban ruwa har kusa da hanyar Madani. An samu takalminsa ɗaya. Rana ta huɗu liman ya ce a yi masa sallar da ake yi wa mamacin da ba a ga gawarsa ba. Aka yi sahu a filin bayan masallaci, gaban liman babu komai sai ƙasa.

Inna Mero ta mayar da likkafanin akwati. Da yamma ya shiga gaishe ta, ya tarar da ita tana jan carbi.

"An ce ka riƙa shi."

"Na riƙa shi, Inna."

"Ka ga huskatai? Ƙaƙa take? Ba ta ɓaci ba?"

Ƙarya na da sauƙi a nan, kuma da ta sanyaya mata rai. Amma uwa ce, da ta gane.

"Ban duba ba."

"Kana da hitila ga hannu, ba ka duba ba?"

"Ban duba ba, Inna."

Ta juya fuska bango ta ci gaba da carbinta. Ya fito yana jin haushin Ohaj, da teku, da shekara goma sha ukun da suka koya masa ladabin da babu mai bukatarsa a nan. A waje, masu zaman makoki na ta ba wa sababbin zuwa labarin daren, yadda tur'a ta koma kamar rana, yadda Gattas ya fito da gawar kowa ya gani da idonsa, sai dai hannunsa ya gaza. Ba da mugunta suke faɗa ba. Har suna cewa ai ya yi ƙoƙari.

Ya ratsa ta bayan gida don kada ya bi ta cikinsu, sai ya ji an ce, "Yaya." Huda ce, a bakin ƙofar ɗakin da take takaba, cikin farin mayafi, ta tsaya daga ciki. A hannunta akwai wata babbar tocila mai jan kai. Ya san ta. Shi ya kawo wa Ɗan'auta ita tsaraba daga Bur Sudan, ta masu jirgi ce, haskenta na kai wa nesa, da ita marigayin yake zagaya gona in rabon ruwa ya faɗo da dare.

"Na ji abin da kac ce, kada a kunna," ta ce, Hausarta na haɗuwa da Larabci. "Wallahi na riƙe ta ban kunna ba. Lakin da nig ga kowa ya kunna, nac ce ni ce matatai, ƙaƙa za ni tsaya hannu sake? Na kutsa cikin maza hab bisa gada, daidai kanka. Da kah hito ni na hwara ganinka. Na riƙe ta da hannu biyu don kada ta yi rawa, na sa maka ita sosai, don ka ga hanya."

Ta share ido da bakin mayafi. Fuskarta babu komai sai son a ce mata ta yi wani abu, ko kaɗan ne, a daren da mijinta ya tafi.

"Ina ta tunani ko ba ta kai ba. Yaya, ka ga haskena kuwa?"

Zaharaddini ya dubi tocilar, ya dubi hannunsa na dama.

"Na gani, Huda," ya ce. "Ya kai."